Waiwaye: Daga "kwanta ka huta" zuwa "tashi ka taka" kafin dashen ɓargo

A 1957 ne Dakta E. Donnall Thomas na Amurka ya fitar da rahoton majinyata shida da aka ɗura wa ɓargon wasu ta jijiya. Dashen bai ɗore wa ko ɗaya ba. Bai karaya ba, ya ci gaba da aikin a Seattle har ya samu lambar Nobel a 1990.

Babban abin tsoron likitocin wancan zamani shi ne ƙwayoyin cuta. Kafin a yi wa mai sankarar jini dashe, sai an share tsohon ɓargonsa da kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) mai ƙarfi, garkuwar jiki ta faɗi warwas har na makonni. Sai aka riƙa killace majinyaci a ɗaki mai tacacciyar iska, abinci kuwa dafaffe liƙis, ko ɗanyen tumatir ba ya gani. Baki ya yi gyambo, haɗiyar ruwa ma ta zama aiki, a koma ciyar da shi ta jijiya. Mutum ya yi wata guda a gado, ya fito ƙafafu kamar sillen kara, matakala uku ta gagare shi. A lokacin ana ganin dole ce: wuya ba ta kisa.

A 1997 Fernando Dimeo da abokan aikinsa a Freiburg ta Jamus suka ɗaura wa majinyatan dashe wani ɗan keke a gindin gado, suna murza feda a kwance kullum. Ƙarfin waɗanda suka yi hakan bai zube kamar na sauran ba, kuma an fi saurin sallamar su. A 2008 kuma wani bincike a asibitin MD Anderson da ke Houston, kan masu sankarar jini da ke karɓar kemo, ya gano hana ɗanyun 'ya'yan itace da ganyen da aka wanke bai rage manyan cututtuka ba.

Amma a ganina abin da ya fi juya akalar lamarin shi ne shekarun majinyata. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fito da kemo mai sauƙi-sauƙi, 'yan sittin da saba'in suka shiga layin dashe. Nan ta fito fili cewa ƙarfin da mutum ya shigo da shi yana da hannu a yadda zai fita. To me zai sa a bar makonnin jiran dashe su tafi a banza?

Yau cibiyoyi da dama kan auna nisan da majinyaci zai taka a minti 6, da ƙarfin damƙar hannunsa, da sau nawa zai tashi daga kujera ba tare da ya dafa ba. Mai kula da abinci ya ƙara masa ƙwai, kifi, wake da madara. In ci ya gagara, an fi son ciyarwa ta bututun hanci fiye da ta jijiya, don hanji ya ci gaba da aiki. Ranar da ƙwayoyin tsayar da jini suka yi ƙasa sosai, ko zazzaɓi ya taso, akan ajiye motsa jiki na ɗaga nauyi har sai likita ya sake duba jinin.