Gyaran na'urar taimakon numfashi

Na'urar taimakon numfashi inji ce da ke tura iska cikin huhun majinyacin da numfashinsa ya gaza, ta bututun da aka zura masa a maƙogwaro ko ta abin rufe hanci da baki. Salon da ake amfani da shi yau ya samo ƙarfi ne lokacin annobar shan-inna ta 1952 a birnin Kofenhagen na ƙasar Denmark, inda bisa shawarar likita Bjørn Ibsen ɗaliban likitanci suka yi ta matsa jakar iska da hannu dare da rana. A Zariya ana samun irinta a sashen kula da masu matsanancin ciwo, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ba a gyara ta tana jikin mutum. Idan ƙararrawa ta ɗauka kuma ba a gane dalili nan take ba, sai a cire majinyaci a koma ba shi iska da jakar Ambu, wato jakar iskar da ake matsawa da hannu, sannan a jona na'urar da huhun gwaji na roba. In ta yi aiki lafiya a kansa, to laifin ba nata ba ne.

Sau da yawa kuwa ba nata ba ne. Ƙararrawar hawan matsin iska kan fito daga majina da ta toshe bututu, ko tiyo ya lanƙwashe, ko majinyaci ya cije shi, ko ruwa ya taru a ciki. Ta faɗuwar matsi kuma tana nufin iska na zurarewa: wani mahaɗi ya kwance, ko 'yar robar da ke bawul ɗin fitar numfashi ta tsage ko an mayar da ita a karkace bayan wanki. Ma'aikacin jinya mai lura yakan gano waɗannan kafin injiniya ya iso.

Abin da ke jiran injiniya shi ne ma'aunin oksijin. Irin wanda ya fi yawa ƙarewa yake kamar batir, ko ana amfani da shi ko yana ajiye, cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Ana daidaita shi da iskar ɗaki, wadda oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin ɗari, da kuma oksijin zalla. In ya ƙi daidaituwa, canji kawai. Ma'aunin gudun iska shi kuma danshi ke ruɗa shi, sai a busar ko a sauya.

Yanayin ƙasar Zazzau na da nasa rabon. Ƙurar hunturu takan cika matatar iska ta na'urorin da ke zuƙo iskar ɗaki da kansu, injin ya yi zafi, ƙarfin iskar ya ragu. Ɗauke wuta da komawa kan janareto kuwa batirin ciki suke wahalarwa. Ana gwada shi ne ta zare filogi da gangan, na'urar na kan huhun gwaji, a duba minti nawa zai riƙe.