Ma'anar BRCA da alaƙarta da sankarar ƙwan mace

Idan aka gano mace tana da sankarar ƙwai, likita yakan tambaye ta ko wata a danginta ta taɓa yin irin wannan ciwo ko sankarar mama, kuma abin da yake lalube da tambayar shi ne BRCA. Wannan suna ne na ƙwayoyin gado guda biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda kowa yake ɗauke da su, namiji da mace, kuma aikinsu shi ne gyara ɓarnar da ke samun kundin halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki. Idan mutum ya gaji ɗaya daga cikinsu da naƙasu, sai gyaran ya riƙa samun tangarɗa, kurakurai su yi ta taruwa har wata ƙwaya ta fara hayayyafa babu linzami.

A 1990 ne masaniyar nan ta Amurka, Mary-Claire King, ta nuna inda BRCA1 take, aka tantance ta a 1994, aka gano BRCA2 a 1995. A cikin mata gaba ɗaya, waɗanda ke kamuwa da sankarar ƙwai tsawon rayuwarsu ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, amma ga masu naƙasun BRCA1 adadin yakan kai kashi 40 ko fiye, ga masu na BRCA2 kuwa yana tsakanin kashi 10 zuwa 30.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ɓangaren uba. Da yake ciwon na mata ne, sai a riƙa lissafa uwa da 'yan'uwanta kawai, alhali uba yana iya ɗaukar naƙasun lafiyarsa ƙalau ya ba 'yarsa, kuma kowane ɗa yana iya gada ko ya tsira, rabi da rabi. Saboda haka gwaggon da aka ce ta rasu da kumburin ciki, wadda cikinta ya yi ta tara ruwa, tana cin loma biyu ta ce ta ƙoshi, tana cikin waɗanda ya kamata a ambata wa likita, ko da ba a taɓa sanya wa ciwon nata suna ba.

Baya ga gado, akwai tasirin sinadaran haihuwa. A 1971 likitan mata ɗan Masar, Mahmoud Fathalla, ya kawo hasashen cewa fitar ƙwai wata bayan wata ba hutu yana yi wa wurin da ƙwan yake fitowa rauni, yana warkewa, yana sake samun rauni. Wannan ya dace da abin da aka lura da shi, wato haihuwa da shayarwa da shan ƙwayar tazarar haihuwa na shekaru, waɗanda duk suke dakatar da fitar ƙwai na ɗan lokaci, suna rage haɗarin, yayin da rashin haihuwa da maganin maye gurbin sinadarai bayan ɗaukewar al'ada suke ɗan ƙara shi. Ragewa ce kawai, domin mai 'ya'ya takwas ma tana iya kamuwa. Batun abinci kuwa, surutunsa ya fi hujjarsa yawa: ba a tabbatar da wani nau'in abinci da ke haddasa ciwon ko hana shi ba, sai dai ƙiba mai yawa tana ɗan ƙara haɗarin wasu nau'o'insa.

Ana gano naƙasun BRCA ta gwajin jini ko na yawu. Wadda aka same ta da shi, akan ba ta shawarar cire ƙwai da bututunsa idan ta gama haihuwa, tsakanin shekara 35 zuwa 40 ga mai BRCA1, 40 zuwa 45 ga mai BRCA2, kamar yadda 'yar fim Angelina Jolie ta yi a 2015. Dalilin ɗaukar wannan mataki mai nauyi shi ne har yanzu babu gwajin da ke kama ciwon da wuri yadda ya kamata, kuma gwajin bakin mahaifa da mata suka saba yi ba ya nuna shi.