Don Allah ku ɗaga bargon nan ku duba bayan Baba

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya: gyambon da doguwar kwanciya ke jawowa a bayan tsofaffi. Cikin sanyin nan gida uku na shiga, biyu a Unguwar Rogo ɗaya a Gangare, duk labarin iri ɗaya: tsoho ya samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo shi daga asibiti, an shimfiɗa mishi leda a kan katifa an lulluɓe shi da bargo biyu saboda sanyin Jos, shikenan. Ana ba shi kunu, ana ba shi magani a kan lokaci, 'yan dubiya na shiga suna fita da lemo da ayaba, amma ba mai juya shi.

Wata Inna da na je dubawa, tun daga bakin ƙofa wari ya gaya min komai. Na ce wa 'yarta, Anti kama min mu juya ta. Zanin ya manne da fata, sai da muka jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin ya saki, ga rami a saman ɗuwawu yatsuna uku za su shige. 'Yar ta fashe da kuka tana rantsuwa ba ta sani ba. Na yarda da ita, da hannunta take wanke kayan uwar kullum, ba ta ko barci sosai. Amma sati uku Inna na kwance rigingine ba wanda ya leƙa bayanta.

Haba jama'a! Mutumin da ba ya iya motsi da kanshi, nauyinshi ke danne nama a kan ƙashi, jini ya daina zuwa wajen, naman ya mutu. Ga fitsari ya taru a kan leda yana cin fata. Kuma fatarmu ba lallai ta yi ja ku gani ba, wajen duhu yake ƙarawa, ya yi zafi ko tauri in kun taɓa. Sai an duba da ido, an taɓa da hannu.

Na san akwai kunya, ɗa namiji zai ce ba zai kalli jikin mahaifiyarshi ba. To ka samo mace ta duba mana, kar ka yi shiru.

Ku kuma da kuke Abuja kuna turo kuɗi, kun ɗauki mai jinya ko kun kai tsohon gidan kula da tsofaffi, Allah ya saka da alheri, amma "ya jiki Baba" ta waya bai isa ba. Ku zo ba tare da kun sanar ba. Ku bar kallon fenti da labule, ku ɗaga bargon. Ku tambaya wa ke kwana da shi, sau nawa ake juya shi da dare, in gidan kula da tsofaffi ne su nuna muku takardar rajistarsu. Wanda ya hana ku ganin bayan mahaifinku akwai abin da yake ɓoyewa.

A gurguje:
- Juyi duk awa 2, dama, baya, hagu. Ku sa alam a waya, har da dare.
- Filo tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta bar katifa.
- Kar fata ta taɓa leda, a sa zani a kai, ya jiƙe a canza nan take.
- A ɗaga shi, kar a ja shi a kan shimfiɗa.
- Ƙwai, wake, kifi, da ruwa isasshe.

Wajen da ya fara duhu kar a murza shi da man zafi, a ɗauke mishi nauyi kawai. In ya riga ya fashe, ban da toka, ban da hoda, ban da fasa kafso a barbaɗa, ku kira ma'aikacin lafiya ya gani. In kuwa akwai mugunya, wari, baƙin nama ko zazzaɓi, ranar za ku ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko asibitin Plateau Specialist, kar ku ce sai yaya ya dawo daga tafiya.