Rusalka da Vodyanoy a Jikin Tangaran: Tambayoyi da Amsoshi

Su wane ne waɗannan aljanun ruwa?

A tatsuniyoyin Rasha da Yukren, Rusalka budurwa ce da ruwa ya ci, tana fitowa bakin kogi gashinta a sake, tana jan maza cikin ruwa. Asalinta ƙafafu gare ta, jelar kifi daga baya masu zane suka liƙa mata. Vodyanoy tsoho ne mai koren gemu. Mutanen Cek na kiransa vodnik, sun ce yana tara rayukan waɗanda suka nutse cikin kofuna masu murfi, shi ya sa ake yawan ƙera shi riƙe da kofi.

Da me ake haɗa yumɓun da ake ƙera mutum-mutuminsu na tangaran?

Rabi farar ƙasa, kashi 25 cikin ɗari garin wani dutse da ake kira feldsfa, sauran kuma garin farin dutsen kwaz. Ana dama shi kamar kunu a zuba a mazubin filasta. Filastar na tsotse ruwa, idan bango ya kai milimita 3 zuwa 5 sai a tsiyaye ragowar. Kai, hannu da gashi kowanne da mazubinsa, a manna su tun suna da danshi.

Ina matsalar take?

Gashin Rusalka. Gashin wuta na farko a kusan digiri 950 ba ya ɓarna. A na biyu, wajen digiri 1,400, tangaran yakan yi laushi ya tsuke da kusan kashi 15 cikin ɗari, duk abin da ya miƙe ba madogara sai ya lanƙwashe. Don haka gwanaye ke kwantar da gashin a kafaɗa ko su haɗa shi da igiyar ruwan da ke gindi. Hannun da ke sama ana tokare shi da ɗanyen yumɓu iri ɗaya, don su tsuke tare. Wani yumɓu daban karya hannun zai yi.

Me ke sa ya tsage?

Manna busasshe da ɗanye, ko gaggawar busarwa: siririn wuri ya riga mai kauri bushewa. A kuma huda ƙaramar kafa a gindi don tururi ya fita.

Launin ruwa fa?

Sinadarin kobal, irin na tangaran ɗin Gzhel, wani ƙauye kusa da Mosko. Baƙi-baƙi yake a buroshi, wuta ke mayar da shi shuɗi, kuma in ya yi yawa sai ya malale ya ɓata fuska. Fuskar ma gara a bar ta ba ruwan ƙyalli, domin yakan cike layin ido da na leɓe.