Harajin gaggawa a kan kuɗin fansho a Birtaniya: yadda ake yanke shi da yadda ake karɓo shi

Akwai maganar da ke yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Birtaniya, wai gwamnati tana cin tarar duk wanda ya taɓa kuɗin fanshonsa, har wasu na ƙara gishiri cewa an yi hakan ne don a hana baƙi aika kuɗi gida. Babu tara a cikin lamarin, kuma dokar ba ta tambayar asalin mutum ko inda zai kai kuɗinsa. Abin da ke firgita mutane shi ne harajin gaggawa, wanda ake yankewa a karon farko da mutum ya cire kuɗi, kuma duk abin da aka yanke fiye da kima ana maido da shi.

Batun ya shafi waɗanda suka kai shekara 55 kuma suke da asusun fanshon da ake tarawa ta wurin aiki ko na ƙashin kai. Daga 6 ga Afrilu 2028 shekarun za su koma 57. Tun watan Afrilu 2015 aka ba irin waɗannan damar cire kuɗinsu yadda suka ga dama, kashi 25 cikin 100 babu haraji, saura kuma a lissafa shi a matsayin kuɗin shiga.

Kamfanin fansho ba ya yanke haraji da son ransa, lambar harajin da hukumar haraji ta Birtaniya, wato HMRC, ta ba shi yake bi. Lambar da aka fi sani ita ce 1257L, wadda ke nufin fam 12,570 na farko a shekara ba a taɓa su. Bayan su ana karɓar kashi 20 a kan fam 37,700 da ke biye, sai kashi 40, sai kashi 45 a kan abin da ya haura fam 125,140. Yankin Sikotland yana da nasa ma'aunin, shi ya sa lambar mazauna can take farawa da harafin S.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da mutum ya fara cire kuɗi, domin a lokacin kamfanin ba shi da lambar da ta dace da shi, sai ya ɗora masa ta gaggawa. Ana gane ta da M1, ko W1, ko X a ƙarshen lambar da ke jikin takardar biya. Wannan lamba ba ta duba shekara gaba ɗaya. Tana ɗauka cewa abin da aka cire yau haka za a riƙa cirewa kowane wata har sau 12, don haka sai ta raba kowane mataki na haraji gida 12, ta ba mutum kaso ɗaya kawai.

A ɗauka wani dattijo ya ajiye aiki, ba shi da wani kuɗin shiga a wannan shekarar, ya cire fam 20,000 don ya ƙarasa gininsa a gida ko ya biya kujerar Hajji. Fam 5,000 nasa ne babu haraji. Daga cikin 15,000 da suka rage, kusan fam 1,048 kaɗai za a yafe masa maimakon 12,570, a karɓi kashi 20 a kan kusan 3,142, a karɓi kashi 40 a kan kusan 7,286, ragowar kuma ya faɗa cikin kashi 45 da aka tanada don masu manyan albashi. Jimillar abin da za a yanke ya haura fam 5,100, alhali harajin da ya wajaba a kansa na gaskiya fam 486 ne. Duk wanda ya ga wannan giɓi a asusunsa ba za a ga laifinsa ba idan ya zaci tara ce.

Akwai fom uku na neman a maido da kuɗin, kuma ana iya cike su ta intanet a shafin gwamnati. P55 na wanda ya cire wani ɓangare ya bar saura ne, kuma ba ya nufin sake cirewa a wannan shekarar. P53Z na wanda ya kwashe asusun duka kuma yana da wani kuɗin shiga, P50Z kuma na wanda ya kwashe duka kuma ya daina aiki. HMRC ta ce tana ƙoƙarin biya cikin kwana 30. Wanda bai cike komai ba sai ya jira bayan 5 ga Afrilu, ranar da shekarar haraji ke ƙarewa, kafin a daidaita lissafinsa. Cike fom ɗin kyauta ne, don haka babu dalilin bai wa wani dillali kaso, haka kuma saƙon waya da ke neman lambar asusun banki da sunan maido da haraji aikin 'yan damfara ne.

Sai dai akwai wani kuskuren fahimta na ɗaya gefen, na masu cewa duk abin da aka yanke zai dawo. Rarar kawai ke dawowa. Wanda yake aiki har yanzu, albashinsa ya riga ya cinye fam 12,570 ɗin, don haka kuɗin fanshon da ya cire zai hau kan albashin ne. Fanshon gwamnati ma ana lissafa shi cikin kuɗin shiga duk da cewa ana biyan sa ba tare da an yanke komai ba. Cikakkensa a shekarar 2025/26 fam 230.25 ne a mako, kusan fam 11,973 a shekara. Shi ya sa ake rage lambar harajin fanshon aiki, wani lokaci har ta koma mai farawa da K.

Hukumar tana kafa hujja da cewa ba ta san nawa mutum zai cire a shekara ba, kuma gara ta maido da rara da ta bi tsoho bashi. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma kuɗin da aka maido wa mutane ta waɗannan fom tun 2015 sun haura fam biliyan 1, kuma wannan ya nuna tsarin yana yawan karɓar abin da ba nasa ba. Nauyin kuma ya fi faɗawa kan dattijon da bai saba da kwamfuta ba, ko wanda Turancin takardun hukuma ke ba shi wahala.

Wanda bai matsu ba zai iya fara cire ɗan kaɗan daga kason da ake yi wa haraji, ya jira HMRC ta aika wa kamfanin lambarsa, ya tabbatar da ita a takardar biya, sannan ya cire babban kason.