Gindin bishiya ba mafaka ba ne idan hadari ya taso

Ni malamin gona ne, na daɗe ina zagaya ƙauyukan Igabi da Giwa, kuma da wuya damina ta wuce ban ji labarin wanda aradu ta faɗa wa a gindin bishiya ba. Bara ma wani matashi muka kwasa zuwa asibiti, fartanyarsa tana jingine da ɗorawar da ya fake, ɓawonta ya tsage tun daga sama har ƙasa. Allah ya sa yana da sauran kwana.

'Yan'uwana manoma da makiyaya, aradu wutar lantarki ce da take taruwa a cikin gajimare, kuma idan za ta sauko ta fi faɗa wa abin da ya fi tsayi a wurin. To, a tsakiyar gona me ya fi ɗorawa ko kaɗanya tsayi? Wutar tana bin jikin bishiyar, ta tsallaka kan wanda yake kusa, sannan ta bazu a cikin ƙasa, shi ya sa makiyayi yakan rasa shanu da yawa a lokaci guda.

Na gaji da jin cewa ai ruwan ba zai daɗe ba. Wanda ruwa ya jiƙa zai bushe kafin magariba, amma kun fi son ku tara 'ya'yanku a gindin mangwaro saboda kada riga ta jiƙe. Mun yarda da ƙaddara, sai dai an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah.

Haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, domin ƙarar tsawa tana ɗaukar kimanin daƙiƙa 3 kafin ta ci kilomita 1. Idan ka ga walƙiya, ka fara ƙirga; in tsawa ta biyo baya kafin ka kai 30, hadarin ya riga ya iso inda zai iya samunka. Ku fi kiyayewa a Afrilu da Mayu, da kuma ƙarshen damina, musamman bayan la'asar.

Ku ajiye fartanya, ku bar rafi da fadama, ku shiga ginannen ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe, kada ku fito sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Idan aradu ta faɗa wa mutum, babu sauran wuta a jikinsa. Kada a tsaya neman nonon da za a zuba masa, a ɗauke shi nan take zuwa asibiti mafi kusa.