Cunkoso da Hana Masu Kati Shiga a Manyan Bukukuwan Zariya

Cunkoso a manyan bukukuwa shi ne taruwar jama'a fiye da yadda wurin taro, ko ƙofofinsa, ko masu kula da shi za su iya ɗauka. Ɗaya daga cikin alamominsa ita ce a ga wanda aka ba katin gayyata ya zo a kan lokaci, amma ya ƙare a bakin ƙofa har a tashi taron. A Zariya, ta Jihar Kaduna, lamarin ya fi shafar taruka iri uku: na fada, kamar hawan Sallah da naɗin sarauta, na makarantu da barikoki, kamar bikin yaye ɗalibai da faretin sababbin sojoji, sai kuma na addini da na siyasa. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Zariya tana da mutum kimanin 400,000, Sabon Gari kuma kusan 290,000, ban da baƙin da ke kwararowa daga ƙasashen hakimai da sauran jihohi a ranakun biki.

Tsarin fada kafin zuwan kati

Birnin Zazzau gari ne mai ganuwa, wadda ake danganta wani ɓangare na gininta da zamanin Sarauniya Amina, wajen ƙarni na 16 a mafi yawan ruwayoyi. Ganuwar ce tsarin kula da jama'a na farko da garin ya sani. Ba a shiga sai ta ƙofa, irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kibo, Ƙofar Kona da Ƙofar Jatau, kuma kowace ƙofa da mai tsaronta. An yi ƙofofin da ƙunci da gangan, domin a iya tare mahara a kuma san mai shiga da mai fita. Hanyoyin cikin birni ma don masu ƙafa da dawaki da jakuna aka yi su, suna karkacewa tsakanin unguwanni har su ɓulla Ƙofar Fada.

Bayan jihadi, lokacin da Malam Musa ya karɓi garin a farkon ƙarni na 19, Sarki Makau kuma ya yi kudu da jama'arsa, sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Wannan ya sa fadar Zazzau ta tara masu sarauta da yawa, kowanne da matsayinsa, kowanne da tawagarsa. A ranar hawa ba a bukatar takarda domin a san inda mutum zai tsaya. An san wanda ke gaba da wanda ke biye, an san wanda zai fara jafi, an san gefen da makaɗa da maroƙa ke tsayawa. Dogarai, cikin rigunansu masu ja da kore, su ke buɗe hanya da tsawa da bulala, 'yan bindiga kuma ƙarar harbinsu kaɗai takan sa 'yan kallo su ja da baya. Talaka ya san iyakarsa: gefen hanya, ko kan katanga, ko reshen bishiya. Tsari ne mai tsauri, wani lokaci har da zalunci, amma ba ya yi wa kowa alkawarin da ba zai cika ba.

Ana yawan kai asalin hawan Sallah ga zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), ko da yake ba a tabbatar da lokacin da ya ɗauki siffarsa ta yanzu a Zazzau ba. Bisa al'ada ana yin hawan Sallah ranar Idi, sannan hawan Bariki da hawan Daushe su biyo baya. Game da asalin hawan Daushe akwai ruwayoyi mabambanta.

Turawa, rumfa da katin gayyata

Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902. Jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, Sabon Gari da Tudun Wada suka bunƙasa a bayan ganuwa, aka kuma keɓe unguwar Turawa da filayen sukuwa da na folo. Hawan Bariki daga nan ya samo asali: sarki ya fita da tawagarsa ya je ya gaisa da Razdan, wato babban jami'in Turawa na lardin. A wannan zamani ne aka fara raba 'yan kallo gida biyu ta wata hanya dabam, wato masu zama a rumfa a kan kujeru da masu tsayuwa a rana. Manyan hawan daba da aka yi a Arewa sun ƙarfafa wannan salo: na Kano a 1925 don Yariman Wales, na Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, na 1959 na samun mulkin kai na Jihar Arewa, da kuma na bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a 1977, shi ma a Kaduna. A irin waɗannan taruka takardar gayyata ce ke nuna rumfar da mutum zai zauna.

Kati bai kawar da tsohon tsari ba, ɗora shi aka yi a kai. Wannan ne tushen yawancin rikicin bakin ƙofa har yau. Kati na mutum ɗaya ne, ko mutum da iyalinsa, alhali babban mutum a ƙasar Hausa ba ya tafiya shi kaɗai. Hakimi ko ɗan majalisa ko attajiri yakan zo da muƙarrabai da 'yan rakiya da masu kirari, kuma ba ƙaramin abin kunya ba ne a tsayar da su a waje. Mai tsaron ƙofa, ko dogari ne ko ɗan sanda, fuska ya fi ganewa a kan takarda.

Wuraren taro

Filin Ƙofar Fada shi ne cibiyar bukukuwan sarauta, Masallacin Juma'a kuma yana dab da shi. Masallacin ginin Muhammadu Durugu ne, wanda aka fi sani da Babban Gwani, a wajen shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar La'asar, mutane aƙalla 7 suka rasu. Filin Idi yana wajen Ƙofar Doka, saboda haka ranar Sallah hanyar da ta taso daga can ta bi ta Babban Dodo zuwa fada ita ke ɗaukar dawaki da masu ƙafa da babura gaba ɗaya.

Taron da ya fi ƙarfin cikin birni akan kai shi waje. Sarki Shehu Idris, wanda ya hau gadon sarauta a 1975 bayan Muhammadu Aminu, ya rasu ranar 20 ga Satumba 2020, aka yi jana'izarsa a fada cikin ɗimbin jama'a duk da dokokin annobar korona. An naɗa Ahmed Nuhu Bamalli ranar 7 ga Oktoba, sarki na 19 a jerin sarakunan Fulani, kuma na farko daga gidan Mallawa cikin kusan shekara 100. Bikin ba shi sanda, a watan Nuwamba na shekarar, a filin sukuwa aka yi shi, wanda ake kira Dandalin Muhammadu Aminu.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962, tana yin bikin yaye ɗalibai a Dandalin Mamman Kontagora da ke Samaru. Makarantar horar da kuratan sojoji, wadda aka kafa a 1924, tana jawo iyalai daga ko'ina a Nijeriya ranar faretin kammala horo. Akwai kuma Kwalejin Horon Tuƙin Jiragen Sama ta 1964, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Kwalejin Barewa, wadda ta ƙaura zuwa Zariya a 1949.

Yadda mai kati ke rasa wuri

Dalili na farko lissafi ne. A manyan makarantun Nijeriya, yajin aiki da ƙarancin kuɗi kan sa a haɗa ɗaliban shekara biyu ko fiye a biki ɗaya, rumfuna kuwa ba su ƙaru ba. Ɗalibi ɗaya yakan zo da mota cike daga ƙauye, da iyaye da ƙanne da kwanukan abinci, domin wataƙila shi ne na farko da ya yi digiri a gidan. Idan kati biyu aka ba shi, sauran ba za su koma gida ba, za su tsaya ne a ƙofar da masu kati za su bi.

Na biyu, yawan katin kansa. Akan buga fiye da adadin kujeru bisa zaton wasu ba za su zo ba, akan kuma raba wasu ta hanyar alfarma. Kati maras lambar kujera, wanda kowace maɗaba'a za ta iya kwaikwaya, ba ya tabbatar wa kowa wuri. Wanda ya riga zuwa ya zauna, ko da kati ko babu, kuma ba kasafai ake samun mai ƙarfin halin tayar da shi ba.

Na uku, kuma shi ya fi ɓata wa mutane rai, rufe ƙofa saboda babban baƙo. Da zarar jiniya ta kusato, jami'an tsaron gwamna ko na minista sukan karɓe ƙofar daga hannun masu shirya biki. Sai a tura jama'a gefe, ayarin motoci ya shige, waɗanda ba su da kati su bi bayansa a guje, sannan a ja ƙyaure a ce, “An rufe, oda ce daga sama.” A nan ne ake ganin dattijo cikin babbar riga, ya ɗaga kati sama da kansa yana nuna wa ɗan sandan da ko kallonsa ba ya yi, ga 'yarsa can ciki sanye da rigar digiri tana buga masa waya ba ta shiga. Masu kula da ƙofa sau da yawa daga hukumomi dabam-dabam suke, 'yan sanda da Sibil Difens da jami'an KASTLEA masu kula da zirga-zirgar motoci a jihar da 'yan sintiri da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, kuma ba lallai ne a ce akwai mutum guda da duk suke karɓar umarni daga gare shi ba.

Binciken tsaro ya ƙara tsawon layi. Ranar 7 ga Yuli 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, lokacin da ma'aikata suka taru don tantancewa, mutum kusan 25 suka mutu. A shekarun hare-haren Boko Haram ne caje mutane ɗaya bayan ɗaya da na'urar hannu ya zama ruwan dare, galibi a ƙofa ɗaya tak.

Turmutsitsi

Masana harkar taro suna auna cunkoso da yawan mutane a murabba'in mita ɗaya. Daga mutum 5 haɗari ya fara. Idan aka kai 6 ko 7, mutum ba ya iya sarrafa jikinsa, taron ne ke ɗaukarsa. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa ba tattake su aka yi ba, matsewar ƙirji ce ke hana su numfashi, wasu ma a tsaye. Ƙa'idar filayen wasa ta Ingila ta ƙiyasta cewa mashiga mai ɗaukar mutum ɗaya ba ta wuce mutum 660 a awa. Bisa wannan lissafi, mutum 10,000 a mashiga biyu za su ɗauki fiye da awa 7. Na baya ba sa ganin abin da ke faruwa a gaba, sai su ci gaba da turowa, bulala ko barkonon tsohuwa kuma ƙara dagula lamarin suke yi. A hawa akwai ƙarin haɗarin doki da ya firgita da ƙarar bindiga, musamman inda yara suka cika bakin hanya.

A wasu wurare

Ranar 15 ga Maris 2014, aƙalla mutum 16 suka mutu a jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice a filayen wasa na Abuja da wasu garuruwa, bayan kowane mai nema ya biya ₦1,000. A Disamba 2024, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija, 10 a Abuja, duk a wuraren rabon kayan tallafi. Turmutsitsin Mina na 24 ga Satumba 2015 ya ci alhazan Nijeriya fiye da 200, cikinsu har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf. Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, ƙididdigar ƙasashe kuma ta haura 2,000.

Hana masu kati shiga ba a Nijeriya kaɗai ake yinsa ba. Ranar rantsar da Barack Obama, 20 ga Janairu 2009, dubban masu tikiti sun maƙale a wata hanyar ƙarƙashin ƙasa a Washington har aka gama bikin. A wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a Faris, 28 ga Mayu 2022, an tare magoya bayan Liverpool masu tikiti a waje, aka harba musu barkonon tsohuwa, wasan ya yi jinkirin fiye da rabin awa.

Muzahara da tare hanya

Jerin gwanon mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky a titunan Zariya ya daɗe yana jawo saɓani. A Disamba 2015 an yi arangama tsakaninsu da sojoji. Kwamitin binciken Jihar Kaduna ya ce an binne mutum 347, ɓangarorin kuma sun saɓa a kan musabbabi da adadi.

Doka

Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1979 ce ta tanadi neman izini kafin taro, amma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa tilasta neman izinin 'yan sanda ya saɓa wa tsarin mulki. Bayan mace-macen Disamba 2024, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya umarci masu shirya manyan taruka su riƙa sanar da 'yan sanda tun kafin ranar, jihohi da dama kuma suka fitar da nasu sharuɗɗan.